Zauren da Na Ƙi Rufewa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gafir a ginin ƙungiyar manoman garinmu, can bakin tur'a, wato babbar magudanar ban ruwa, a kan hanyar Suki. Gafir ake ce mini, wato mai gadi, amma ni ne mai shara, ni ne mai ɗebo ruwa, ni ne mai tayar da inji idan an ɗauke kahraba, wato wutar lantarki. Makullai uku ne a igiyar da nake ratayawa a wuya: na ƙofar waje, na ɗakin iri, da na zaure. A kan na ukun nan aikina ya tafi. Kafin yaƙi ne wannan, lokacin da mutum ke iya yin rigima a kan ƙofa ɗaya har ya ga babban abu ne. Aji huɗu na yi na bar makaranta, don haka mai neman daɗin baki ya nemi wani. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Ginin ɗaki biyu ne da ɗan ofis a tsakani. A ɗakin iri ake ajiye irin albasa da na gyaɗa da na dawa na duk masu hawasha, wato masu gona a cikin aikin ban ruwa. Iri ba ya son zafi. Idan ya dahu a buhu, sai ka shuka ka yi ta jiran banza. Zauren kuwa na taron lajna ne, kwamitin da ke tafiyar da ƙungiyar. Sau biyu a mako suke zama, da hantsi, su sha shayi su watse. Sauran lokaci kujeru ne kawai a jibge.

Haka yake a takarda. A ƙasa ba haka ba ne.

Idan rana ta take, matan da ke ƙwadago a gonaki sukan ajiye aiki. Masu cirar auduga ne a ƙarshen sanyi, su ne kuma masu tonon albasa idan zafi ya kankama. Gida ya yi musu nisa su je su komo, itatuwan bakin tur'a kuwa tuni aka mayar da su gawayi. To, sai su zo zaure. Ina buɗe musu bayan sha biyu, su shimfiɗa mayafansu a siminti, su ci kisra, gurasar dawa da suka ƙunso, su shayar da jarirai, su yi azahar, su ɗan miƙe baya. Kafin la'asar sun koma. Ba ni na fara ba. Tsohon da na gada haka yake yi, kuma a garinmu duk inuwar da ke kusa da gona ba a rufe ta da azahar, ba a kuma tambayar mai shiga ko ɗan wa ne. Kowa ya sani. Shugaban lajna ma ya sani, don tare muka yi kiwon awaki da shi muna yara, kuma ƙanwar ubansa ce kan gaba a cikin matan. Goggo duk muke kiranta. Tsohuwa ce siririya, bakinta ya fi lauje kaifi. Ya sani sarai, bai dai sani a takarda ba.

Sai wata ƙungiya ta waje ta ba mu allunan sola da batura. Aka sa wa ɗakin iri sabon mukayyif na gas, wato na'urar sanyaya ɗaki, aka gyara tsofaffin mukayyif biyu masu aiki da ruwa da ke zaure, masu ciyawa a ciki. Wadda ta zo haɗa kayan injiniya ce daga Sinja, mace mai kamar shekara talatin. Muhandisa muke ce mata. Kakarta Bahausa ce, amma Hausarta duk ta tsiyaye, rabi da rabi take yi da Larabci. Ta liƙa wasu ƙananan abubuwa a bango, kowanne bai fi akwatin ashana ba, ta kafa wani akwati a ofis.

Na ce, "Ɗiyata, wannan fa?"

Ta ce, "Baba, wannan shi ne mai hankalin. Waɗancan na bango suna jin zafi, suna jin laima, suna jin numfashin mutane. Shi kuma yana koyo. Zai gane ɗakin nan minti nawa yake riƙe sanyi, yaushe rana ke ba da wuta da yawa, yaushe batir ke gajiya. Daga baya shi zai riƙa kunnawa da kashewa da kansa, ba a ɓarnatar da wuta."

Na ce, "To ni kuma in ci me?"

Ta yi dariya. "Kai ne malaminsa. Mako shida kai za ka riƙa kunnawa da hannu, shi yana kallo. Kada ka canza komai. Ka yi yadda ka saba."

Sau biyu na sa ta maimaita. Ta ce, "Yadda ka saba, bas, shi ke nan." Na ce tamam.

A makon farko na yi shirme ɗaya, ba zan ɓoye ba. Na taɓa ɗan abin da ke bangon ɗakin iri na ji shi da ɗumi. Tausayi ya kama ni, kayan mutane masu tsada. Na jiƙa tsumma na lulluɓe shi, yadda muke wa randa. Ba a yi awa ba wayata ta yi ƙara.

"Baba, me ka yi wa ɗakin iri? Yana ce mini an yi ruwan sama a ciki."

Na faɗa mata. Ta yi ta dariya har ta sarƙe. Ta ce in cire, idan na rufe masa fuska ƙarya zai koya. A ranar na gane abu biyu. Duk abin da ke faruwa a ginin tana ganinsa a wayarta daga Sinja. Kuma abin nan ana iya ruɗinsa da tsumma.

Ban ruɗe shi ba. An ce in yi yadda na saba, na yi. Kullum bayan sha biyu in buɗe zaure, in kunna mukayyif biyun, mata su shigo. Da can sai an yi sa'a akwai kahraba, yanzu kuwa kullum akwai wuta. Goggo ta kwanta daidai bakin iskar, ta ce, "Kai, yaron nan, ashe aljanna kusa take, mu muke ta kewaye." Shekarata hamsin da biyu a lokacin, amma yaro nake a bakinta.

Mako shida ya cika, muhandisa ta mayar da ragamar hannun akwatin. Na zuba ido in ga kuskurensa, don gaskiya ban so ya iya ba. Ya iya. Da hantsi, lokacin da allunan ke shan rana batir kuma ya cika, sai ya bugi ɗakin iri da sanyi sosai har bangon ya sha. Da yamma ya lafa, ya bar bangon yana mayar da abin da ya sha. Ni shekara goma sha ɗaya sai na ji zafi nake kunnawa. Shi tun zafin bai zo ba ya tare shi. Abin ya ɓata mini rai kwana biyu, daga baya na haƙura.

Wata rana ina bayan gini ina juye ruwa a tankin mukayyif, sai na ji na zaure sun tashi. Na duba rana, sha biyu ba ta yi ba. Ƙofa a kulle, ba kowa ciki. Na tsaya da bokiti a hannu. Bayan kamar rabin awa sai ga matan sun ɓullo ta kan gadar tur'a. Na buɗe, sanyi ya tarbe su tun daga bakin ƙofa. Washegari haka. Ranar Juma'a, da ba a zuwa gona, bai kunna ba. Ba wanda ya gaya masa Juma'a ce. Ya dai lura da ranar da numfashi ba ya zuwa.

Goggo ta ce, "Wanga abu ya fi ku tarbiyya. Shina shirya wa baƙo wuri tun bai iso ba."

Daɗin bai daɗe ba. Masu ba da kayan suka aiko cewa za su zo su ga yadda aiki ke tafiya, suka nemi a kawo bayanin da akwatin ya tara. Muhandisa ta bugo shi a takarda. A takardar akwai wani layi da ke tashi kullum da azahar kamar tozon raƙumi, ya sauka kafin la'asar. Shugaban lajna, wanda muke ce wa ra'is, ya gani, ya tambaya, ta ce mutane ne. Abin da ya sani shekara da shekaru ya shigo takarda ke nan.

Ta riga shi isowa wurina. Ta same ni ina shara, ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ra'is ya yi fushi. Ya ce kayan don iri aka bayar, ba don barcin mata ba. Yana tsoron kada a ƙwace."

Na ce, "Irin ya lalace?"

"Ko ƙwaya. Ranar da habub ta taso, ƙura ta rufe allunan, ka tuna bai kunna zaure ba? Ɗakin iri ya fara ba wuta. Abin da ya rage yake ba zaure. In bai ba su ba ma, wutar zubewa take yi, batir ya riga ya cika."

"To ki faɗa masa haka."

"Na faɗa. Bai saurara ba." Ta rage murya. "Akwai hanya. Zan iya cewa na bangon zauren ne ya lalace. Kai kuma ka lulluɓe shi da tsummanka, ka riƙa kunnawa da hannu, har baƙin su zo su tafi. Ba wanda zai gani."

Yarinyar kirki ce, aikina take son ta tsare mini. Amma ban iya yarda ba. Na ce, "Ɗiyata, ke kika ce in na rufe masa fuska ƙarya zai koya. A ginin nan kaf shi kaɗai ne ya ga matan nan ya yarda ya gan su. Shi zan rufe wa ido? In akwai abin kunya a nan, ba nawa ba ne, ba nasa ba ne."

Ta ce, "Za su kore ka."

Na ce, "Ba su ne suka halicce ni ba."

Ranar Alhamis lajna ta zauna, aka kira ni. Mutum bakwai a kujeru, ni a tsaye, a zauren da ni na share shi da safe. Ra'is ya shimfiɗa takardar a tebur, ya ɗora yatsa a kan tozon raƙumin.

"Gafir, mene ne wannan?"

Na ce, "Goggonka ce, ra'is. Ga ta nan, ka ɗora mata yatsa a ka."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Ra'is ya haɗe fuska.

"Wa ya ba ka izinin buɗe ginin ƙungiya ga waɗanda ba 'yan ƙungiya ba? Cikinsu wa ke da hawasha?"

"Ba su da hawasha. Hawasharku dai suke yi. Albasar da ake ajiye irinta a ɗakin can, wa ya tone ta? Ni ban ga hannunka da ƙasa ba tun da ka sayi mota."

"Ka iya bakinka."

"An ce in yi yadda na saba. Ga muhandisa nan, a tambaye ta. Da kuna son ya koyi zaure babu kowa, da sai ku ce in yi yadda aka rubuta."

Wani dattijo a cikinsu ya yi ƙoƙarin sasantawa. Ya ce mutanen nan da ke zuwa ba su san al'adarmu ba, za su ga kamar an karkatar da kayansu, in suka janye iri ne zai dahu, kuma duk gari zai ji a jikinsa. Ya ce a rufe na wata biyu kawai. Maganarsa ba ta banza ba ce, na san haka. Amma wata biyun nan su ne watannin da tsuntsu ke faɗowa daga sama don zafi. Na ce a bar baƙin su zo da azahar su gani da idonsu, in sun ƙwace to sun ƙwace, mun dai san irin mutanen da muke hulɗa da su. Ra'is ya ce ba ni zan tsara wa lajna aikinta ba.

Ya ce, "Magana ɗaya ce. Daga Asabar zauren nan a kulle da azahar. Ka rufe, ko ka ajiye makullai."

Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, babbar tana shirin jarrabawa. Ba ni da hawasha, sai ɗan fegi a gaɓar kogi da ubana ya bari, wanda bai fi a shuka kuɓewa ba. Duk wannan ya zo mini a tsayen nan. Na kuma ga kaina ranar Asabar, ina tsaye a bakin ƙofa da makulli a wuya, mata talatin a rana, ina ce musu ma'alesh, su yi haƙuri. Uwata ta yi cirar auduga har bayanta ya lanƙwashe. Ban ga bakin da zan faɗi kalmar da shi ba.

Na cire igiyar ta kaina, na ajiye a kan takardar. Na ce, "Mai rufewa ya rufe da hannunsa."

Na fito. Ba wanda ya kira ni in dawo. Matata ba ta yi mini magana ba sai bayan kwana biyu, kuma ban ga laifinta ba.

Ra'is bai ba kowa makullin zauren ba, a aljihunsa ya sa. Ranar Asabar ban iya zama a gida ba. Na je na tsuguna a kan gadar tur'a, daga inda ake hango ginin. Kafin sha biyu na ji mukayyif sun tashi. Ba wanda ya gaya wa akwatin an yi taro. Yana ta sanyaya wa kujeru wuri, yana jiran baƙinsa.

Matan suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Labari ya riga ya kai musu, amma suka zo. Na zaci za su juya. Goggo ta shimfiɗa mayafinta a dokin ƙofar, inda sanyi ke tsiyayowa ta ƙasa, ta zauna. Sauran suka zazzauna a bayanta, a fili, a rana tsaka, da jarirai a cinya. Ba hayaniya, ba zagi. Ta hango ni, ta ɗaga murya.

"Kai, marar aiki! Tunda ba ka da abin yi, tafi ka ce wa ɗan wana ina gaishe shi. Ka ce ina nan ƙofar gidansa."

Na ce, "Goggo, ni ba ma'aikacinsa ba ne yanzu."

"Nawa ne kai. Tashi."

Na tashi. Na same shi a kasuwa, a rumfar mai jabana, wato gahawa, cikin mutane. A gabansu na isar da saƙon, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce in ce mata ta koma gida. Na ce ni saƙo ɗaya aka ba ni.

Ranar bai zo ba. Suka zauna a rana har lokacin komawa gona. Lahadi suka sake zuwa, suka sake zama. Zuwa lokacin ba wani zance a gari sai cewa ra'is ya bar ƙanwar ubansa a rana, iska na kaɗa kujeru a ciki. Limamin unguwarsu bai ce masa komai ba, ya dai tambaye shi lafiyar goggo bayan sallar asuba, a gaban sahu.

Litinin, azahar ta gota kaɗan, sai ga motarsa. Ya fito yana gumi, jallabiyarsa ta manne a baya. Ina kan gada, amma muryar Goggo tana kaiwa har tsallake.

"A'a, ra'is da kansa? Sannu da zuwa, mai girma. Kai ne na goya a gonar auduga kana yi mini fitsari a baya? Mi kaz zo yi cikin rana? Koma, kada ka narke."

Matan suka tuntsire. Ya ce, "Goggo, don Allah ki tashi, kina ba ni kunya."

"Ni ba ni da kunyar da zan ba ka. Taka ce ka zo da ita a aljihu. Fito da ita ka buɗe."

Ya share gumin fuskarsa. Sannan ya sa hannu a aljihu. Ya buɗe da hannunsa, ya koma mota bai dubi kowa ba. Ya bar kwaɗon a rataye, makullin a jiki.

Baƙin sun zo bayan mako biyu, da hantsi, suka duba ɗakin iri, suka sha shayi, suka tafi. Muhandisa ta ce mini sun ga tozon raƙumin a takarda, ɗaya ya tambaya, ta faɗi gaskiya, ya rubuta wani abu a littafinsa. Ba a ƙwace komai ba. Ko don sun yarda ne, ko don ba su damu ba tun farko, ban sani ba.

Ni dai ba a mayar da ni ba. Mutum yana iya buɗe wa goggonsa ƙofa, amma ba ya yafe wa wanda ya kai masa saƙo a rumfar jabana. Aka ɗauki wani gafir, aka ba shi makulli biyu. Na ukun yana ƙulle a bakin mayafin Goggo, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta. Muhandisa ta zo har gida ta ce in je in ba ra'is haƙuri, ita za ta raka ni. Na ce haƙurin me? Ta sha ruwa ta tafi.

Na koma gaɓar kogi, ina kuɓewa da ɗan tumatir. Wahala ce, bayana ya shaida, gidana ma ya shaida. A shekarar, idan na ɗauko kaya zuwa kasuwa, ta gaban ginin nake bi. In na yi daidai da lokacin, sai in ji mukayyif sun tashi, ƙofa a rufe, ba kowa tukuna. Wata rana zafi ya ci ƙarfina, na ajiye kwandon a bakin ƙofar. Goggo ta iso da makullinta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kana da hawasha?"

Na ce ba ni da ita.

Ta ce, "To shigo. Amma can gefe, kada ka tare mini iska."